Ranar da Sahabi Ya Kori Baƙi Daga Cikin Kwamfuta

Duk wanda ya taɓa zama shan shayi a bakin tashar Tudun Aduwa, can cikin ƙasar Tarka, ya san Sahabi, ko yana so ko ba ya so. Shi ne mai baƙin tabarau ko da hadari ya rufe rana. Wata tara ya yi a Aljeriya, ya dawo ya ce daga yau a riƙa kiransa Injiniya. Waɗanda suka yi zaman can tare da shi sun ce lalle a shagon gyaran waya da kwamfuta ya zauna, amma aikinsa hura ƙura da dafa wa maigida shayi. Shi kuwa in ya ɗauko labari, sai ka rantse da Allah Larabawa har da kuka ranar da zai taho.

A shekarar da nake ba ku labari bazara ta yi tsanani. Ciyawa ta ƙare tun da wuri, awaki sun koma cin kwali da leda. Sai wani froje, irin ƙungiyoyin agajin nan, ya ce zai raba dusa kyauta ga duk mai dabbar da sunansa ya shiga jeri. Sharaɗi ɗaya ne: suna da hoto da yawan dabbobin kowa su isa Damagaram ta cikin kwamfuta kafin ƙarfe huɗu na ranar Alhamis. Huɗu na bugawa ƙofa za ta rufe kanta. Ba mutum ne ke rufe ta ba, balle a haɗa shi da girman Allah.

Kwamfuta ɗaya ce a garin, a biro, wato ofishin ƙungiyar makiyaya, kuma Radiya sakatariya ce kaɗai ke taɓa ta. Kwana uku ke nan tana aika sunayen. Rezo, wato sabis ɗin waya, ba ya kamawa sai an rataye wayarta a wata ƙusa bakin tagar gabas, daga nan kwamfutar ke tsotsa kaɗan-kaɗan. Unguwa-unguwa sunayen ke tafiya. Na Gabas sun wuce, na zangon Abzinawa sun wuce, na rugar Fulani sun wuce. Saura Unguwar Yamma, gida arba'in da uku, kuma a cikinsu har da gidan Sahabi.

Shi Sahabi ko kaza ba shi da ita. Amma matarsa Samira tana da awaki goma sha ɗaya da ta gada wurin uwarta, kuma nononsu ne ke riƙe da gidan. Biyu daga ciki sun kai sai an kama bindi an ɗaga su suke tashi. Ranar Alhamis da hantsi ta ce ya je biro ya gano mata ko sunanta ya tafi. Ta ce da ido kawai zai gano, ya bar hannunsa cikin aljihu. Ya ce ita dai matsalarta ba ta san wa take aure ba.

Ya tarar da biro cike, waɗanda ba su samu shiga ba sun toshe taga. Kwamfuta na kan tebur tana huci, fankarta na kuka, wani ɗan koren layi na rarrafe a fuskarta. A gefe injin buga takarda na fitar da katin karɓar dusa na waɗanda sunansu ya riga ya isa, kati ɗaya sai ya yi nishi sau uku. In Radiya ta motsa ɗan ɓeran kwamfutar, sai ka gama gaisawa da mutum biyu kafin kibiyar ta motsa.

Sahabi ya sauke tabarau zuwa kan hanci, ya girgiza kai, ya ce wannan mashin ana zaluntarta.

"Malam Sahabi, a yadda take tafiya ƙarfe uku ta gama," in ji Radiya, ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Injiniya."

"To, Injiniya, matsa daga kan wayar kuran, kar ka yanke mana wuta."

Aka yi dariya, shi ma ya taya, amma abin ya ci masa rai. Da aka kira azahar Radiya ta miƙe za ta gida ta yi salla ta ba ɗanta nono. Ta damƙa wa Perzidan Mato, shugaban ƙungiyar, makulli, ta ce ko ƙuda ya sauka kan kwamfutar nan a bar shi ya tashi don kansa.

Shi Mato mutum ne mai kirki, amma ba ya iya jure a zuba masa ido. Bayan salla jama'a suka dawo suka cika taga, kowa na tambayar Perzidan ina aka kwana. Ya duba koren layi, ya duba agogo, ya ga agogo ya fi layin sauri. Sahabi ya raɓo kusa da kunnensa ya ce shi ba ya son shiga aikin mace, amma in aka kai huɗu ba a gama ba, ba sunan Radiya za a riƙa kira a kasuwar Belbeji ba, sunan Perzidan za a kira. Ya ce a Aljeriya irin wannan minti biyar yake yi mata, har da shan shayi a tsakani. Mato ya share gumi, ya waiga ƙofa, ya ja masa kujera.

Abu ɗaya Sahabi ya iya a duniyar kwamfuta, ya ga maigidansa na Aljeriya na yi: a danna maɓalli uku lokaci guda. Ya naɗe hannun riga, ya yi bisimilla da ƙarfi don na waje su ji, ya danna. Bayan ɗan jira sai ga wani dogon jeri ya buɗe, sunaye fiye da ɗari, kowanne da lambobi na rawa a gabansa. Jama'a suka yi salati.

Nan fa Injiniya ya samu fili. Ya ce su dubi kwamfutar nan kamar rijiyarsu ta bakin gari. Ruwa ɗaya ne, kwamin da ake zuba wa dabbobi ruwa ɗaya ne. Duk waɗannan sunaye dabbobi ne da suka zo sha a ɓoye, ba wanda ya gayyace su, su ne suke shanye ƙarfin mashin kafin masu rijiya su samu. Ya tambaye su, in baƙuwar dabba ta zo kwami, ba alamar kowa a jikinta, yaya ake yi da ita? Suka ce a kore ta mana. Ya ce to shi ke nan, karatun da Bature ke shekara biyar yana yi ke nan ya ba su kyauta.

Wallahi maganar ta shige su. Mutanen da suka kwana a layin rijiya, suka ga garken wasu ya shanye musu kwami, ba sai an yi musu dogon bayani ba. Har wani daga taga yana cewa a fara da na Kanawa.

Sahabi ya fara kora. Ya zaɓi wani suna mai tsawo, ya ce wannan ko a ido ɗan iska ne, ya danna masa sallama. Ba abin da ya faru. Ya kori na biyu da na uku. Jama'a na ƙirga masa da baki. A na bakwai sai injin buga takarda ya yi wani tari, ya tsaya cak da kati a bakinsa.

Katin na Aghali ne, wani dattijon Ba'abzine mai raƙuma, wanda tun safe yake tsugune a kusurwa. Ya zaro katin a hankali ya duba. A hotonsa rawani ya fito tas, amma daga nan zuwa ƙasa fari fat.

"Ɗana, rawani ya fito. Ina mai rawanin?"

"Baba, da ma kai wa ya taɓa ganin fuskarka? A kasuwa ma da rawanin ake gane ka."

Biro ya kece da dariya, har Mato sai da ya dafa bango. Aghali ya ninke rabin katinsa ya sa aljihu, ya koma ya tsuguna.

Dariyar nan ita ta ƙara wa Sahabi mai. Ya hango wani mai hoton garkuwa, ya ce ga jandarman ciki nan, shi ke tare kowa yana tambayar takardu, shi ya sa tafiya ba ta sauri. Ya danna masa sallama, ya ƙi tafiya. Ya sake, ya ƙi. Ya danna na uku da ƙarfi har tebur ya motsa, kwamfuta ta yi ƙara ta fito da jan rubutu. Sahabi ya gyara zama ya ce ai jandarma ba a korarsa, gaishe shi ake a wuce, shi da ma gwada shi yake.

Na gaba da ya kora kuwa, fuskar kwamfutar gaba ɗaya ta yi baƙi ƙirin. Ƴan hotunan da ke jere sun ɓace, layin ƙasa mai agogo ya ɓace, hoton ɗan Radiya da ke baya yana dariya shi ma ya tafi. Ba abin da ya rage sai jerin da Sahabi ke kora da ɗan koren layin nan yana ta rarrafensa. Mato ya tambaya ina kayan Madam Radiya suka shiga. Shi kansa Sahabi gumi ya tsattsafo masa a ƙarƙashin tabarau, amma ya ce share fili ya yi, ba a sukuwa cikin kasuwa. Wasu suka gyaɗa kai, suka ce wannan haka yake.

Sai dai fanka na nan na kuka, kibiya na nan da nauyinta. Sahabi ya tuna wata dabara ta biyu da ya taɓa gani ta bayan kafaɗar maigidansa. Ya danna saman jerin, sunayen suka jeru daga babban maci zuwa ƙarami. Ga wani can a sama shi kaɗai, yana cin kashi tamanin da wani abu, sauran duk ba wanda ya wuce biyu ko uku.

Sahabi ya miƙe tsaye don kowa ya gani. Ya ce jama'a ga ɓarawon nan, kwana uku yana kwance cikin kwami suna nan suna addu'a. Ɗaki ya ɗauki hayaniya, ana a kore shi, a kore shi.

Aghali ya yi gyaran murya daga kusurwa.

"Ɗana, a rijiyarmu wanda ya fi kowa haki, ya fi kowa ci, shi ne bijimin da ke jan wasaki, yana fito mana da ruwa. Ka tabbata ba shi ne wannan ba?"

"Baba, kai ka san raƙumi, ni na san mashin. Na taɓa zuwa zangonku na koya maka tatsa?"

Ya danna. Kwamfuta ta fito da wani ɗan akwati mai rubutun Faransanci layi uku, da alamar gargaɗi ruwan ɗorawa. Mato ya yi lakwal, wato boko, har aji shida, amma ya baro madubin idonsa a gida, ya tambaya me take cewa. Sahabi, wanda Faransancinsa bai wuce na gaisuwa da neman canji ba, ya ce godiya take yi. Ya danna mata amin.

Fanka ta yi shiru. Shirun da tun ranar Talata ba a ji irinsa a biron nan ba. Sahabi ya taɓa ɗan ɓera, kibiya ta yi tsalle daga wannan kusurwa zuwa waccan. Ya kaɗa ta hagu, ya kaɗa ta dama, ya zagaya da ita sau bakwai. Aka ɗauki tafi. Wata tsohuwa a taga ta rangaɗa guɗa. Mato ya kama hannunsa da hannu biyu ya ce da ma shi ya san ƴan hassada ne ke cewa shayi yake dafawa. Labari ya tafi Unguwar Yamma cewa Injiniya ya gama aiki, mata suka fito da mayafai, har da Samira, tana tafe tana mamaki, don ita dai ta san abin da take aure.

Uku saura kwata Radiya ta shigo. Ta ga Sahabi kan kujerarta ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya. Ta ga baƙar fuska. Ta saurara ba ta ji fanka ba.

"Ina koren layin?"

"Wane? Ɗan rarrafen nan? Ai tare da babban ɓarawon ya gudu."

Radiya ta nemi benci ta zauna. Ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga da ya fi sauƙi. Ta ce wa Perzidan wancan da aka kora shi ne mai ɗaukar sunaye yana kaiwa Damagaram. Nauyin da kwamfutar ke yi, nauyin kayan da ta ɗauko ne. Yanzu ta yi sauri ne don ba ta ɗauke da komai. Ta ce a lissafinta lokacin da aka kore shi ya kai casa'in da ɗaya cikin ɗari, kuma sunan farko na Unguwar Yamma yana bakin ƙofa.

Tafi ya mutu a hannun mutane. Tsohuwar da ta yi guɗa ta ce a maido mata guɗarta.

Radiya ta ture Sahabi daga kujerar ta zauna, ta shiga lalube cikin duhun fuskar tana neman hanyar da za ta maido da kayanta. Da an bar ta da minti biyu ta samu. Amma Sahabi ba ya iya tsayawa a ga ba shi ke aiki ba. Ya ce a Aljeriya in mashin ta yi fushi kashe ta ake a tayar, ya miƙa yatsa ta saman kafaɗarta ya danne maɓallin wuta. Kwamfuta ta mutu murus.

Da aka kunna ta, sai ta ce ita fa tana da wasu gyare-gyaren kanta da ta daɗe tana jira ta yi, kada kowa ya kashe ta. Wasu ƴan ɗigo suka shiga zagaye a tsakiyar fuska. Mutum sittin suka tsaya suna kallon ɗigo na zagaye har minti ashirin da biyar. Sahabi ya fara cewa wannan alama ce mai kyau, Mato ya ce in ya ƙara buɗe baki zai sa a zauna masa a kai.

Uku da rabi ta wuce kafin koren layi ya dawo. Shi ma bai ci gaba daga inda ya tsaya ba, sai da ya koma farko yana duba sunaye ɗaya bayan ɗaya, wa ya tafi wa bai tafi ba. Fanka ta dawo da kukanta, kuma ba a taɓa jin daɗin kukan fanka kamar ranar ba. Radiya ta ce in Allah ya so, in ba wanda ya yi numfashi da ƙarfi, wataƙila rabin unguwar su samu shiga.

Sahabi na tsaye a bango, idon Samira na kansa ta taga. Ya ji in bai yi wani abu yanzu ba, shi da tuwon gidansa sai wani ikon Allah. Ya dubi wayar da ke rataye a ƙusa, ya ga rezo sanda ɗaya. Ya dubi doguwar aduwar da ke bayan masallaci. Kafin kowa ya ankara ya fizge wayar ya ratsa mutane da gudu, yana cewa su ba shi minti ɗaya su ga aiki.

Ya hau aduwar nan, ƙaya na cin sa bai kula ba, har ƙoli. Ya ɗaga waya sama ya yi ihu cewa rezo ya cika, sanda huɗu cur, su aika duk abin da suke so har da hoton jakuna. Gaskiyarsa ce, rezo ya cika. Sai dai kwamfutar da ke sha daga wayar tana can biro, taku ɗari tsakaninsu, koren layi ya sandare.

Gari ya taru ƙarƙashin aduwa ana ya sauko. Saukowar ce ta gagara. Ƙaya ta riƙe riga, ya fizga ta riƙe wando, ya sake fizga wando ya yi wata ƙara da har mata suka juya baya. Mato ya ce ya bar kansa a can, ya jeho wayar kawai. Ya jeho, Aghali ya tare ta da babbar rigarsa, dattijo ya ruga da ita biro rawani na warwarewa.

Huɗu saura minti shida aka mayar da ita ƙusa. Layi ya motsa. Sunan farko na Unguwar Yamma ya tafi, na biyu ya tafi, na uku ya kama hanya. Sai wani farin akwati ya faɗo fuskar kwamfutar farat ɗaya. Radiya ta karanta ta fassara: an rufe karɓar sunaye, froje na godiya ga kowa.

Aka kai wa Sahabi labari a bisa aduwa. Ya leƙo ta cikin ganye ya tambaya, shi wannan farin akwatin, da sauri ya buɗe ko a hankali? Aka ce da sauri. Ya ce to kun gani.

Da ba don Mato ya tsaya a gindin bishiyar da sanda ba, da samarin Unguwar Yamma sun sauko da shi da duwatsu. Gida arba'in da ɗaya ba dusa. Aka zauna nan inuwar, mai laifi na rataye a sama yana saurare. Na Gabas da na zango da na ruga suka ce kowa zai ɗan tsakura daga rabonsa, amma kowa ya san tsakure ba zai kai dabba damina ba. Aka tambayi Aghali, tunda shi ya fi kowa shekaru a bakin rijiya. Ya ce su a wurinsu wanda ya tsinke igiya shi ke shayar da garke da hannunsa har a samo wata. Aka tsaya a kan haka. Samira ta ja mayafinta ta tafi gida.

Washegari da sassafe Sahabi ya farka da wani irin kuka a ƙofar gida. Ya leƙo. Awaki da tumaki ne na gida arba'in da ɗaya, sun cika titi har kwana, wasu sun riga sun fara cin zanan gidansa. Masu su na tsaye a baya, hannu naɗe a ƙirji. Mato ya ce akwai itatuwan gawo a kwari, tafiyar awa biyu, ƴaƴansu sun bushe a sama. Kullum zai kai su ya kakkaɓo musu, ya dawo da su kafin magariba, kuma da ƙirge aka ba shi.

Sahabi ya gyara tabarau ya fara cewa shi a Aljeriya, sai Samira ta fito ta miƙa masa doguwar ƙugiya da goran ruwa.

"Injiniya, jar akuyar ba ta iya tashi yau. Ta uwata ce. Ita za ka ɗauka a wuya."

Ya dube ta, ya ga ba wasa a fuskarta, ga idonta ya kumbura. Ya durƙusa aka ɗora masa. Ya miƙe ya kama hanya ta tsakiyar gari, garke na bin sa, mutane na fitowa ƙofar gida suna yi wa Injiniya a dawo lafiya. Tun ba su bar gari ba akuyar ta sakar masa fitsari mai ɗumi a wuya, ya ci gaba da tafiya. Damina kuwa saura wata biyu.